Baƙon da Ya Zo Wanka

Mai Walda ya daɗe da barin walda, amma sunan bai bar shi ba. Tun da ciwon suga ya taɓa masa idanu ya daina ganin bakin ƙarfe da kyau, aiki ya ja baya, aka karɓe shagon, daga baya aka karɓe ɗakin da yake haya. Ƙanwarsa ta riƙe shi na ɗan lokaci, har mijinta ya kai ga ba ya amsa masa gaisuwa. Da kansa ya tattara ya fita. Shekarun da suka biyo baya a bayan wani tsohon sito ya yi su, kusa da layin dogo, tare da wasu mutane, kowa da kwalinsa da kusurwarsa.

Ƙafa ce ta raba shi da wurin. Ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa bai ma ji ba, sai da wurin ya fara wari. Wata rana zazzaɓi ya kayar da shi, aka kai shi asibiti, ya yi makonni a kwance. Da lokacin sallama ya yi, likita ya ce shi kam ba zai mayar da wannan ƙafar kan titi ba. Aka haɗa shi da wata ƙungiya mai sama wa marasa matsuguni ɗaki, ba tare da ta jira sai sun warke ko sun sami aiki ba.

Ɗakin yana hawa na biyu a wani dogon gini. Akwai gado, da kujera guda, da banɗaki, da ƙaramin firij na ajiye allurar sugansa, da taga mai kallon wurin ajiye motoci. Aka ba shi makulli ya rataya a wuya. An gaya masa baƙo zai iya zuwa amma ba zai kwana ba, kuma kada a ajiye abin da doka ta hana. Ya ce ai shi ba shi da baƙo.

Wadda ya fi gani ita ce Nas, wata gajeriyar mace mai saurin magana da ƙungiyar ke turowa daga asibiti ta wanke masa ƙafa ta duba sugansa. Baba take ce masa. Tana yawan tsokanarsa cewa ƙafar ta fi shi jin magana, don ita aka ce ta haɗe ta fara haɗewa, shi kuwa an ce ya bar shayi mai sukari ya ƙi. In ta tafi sai ɗakin ya yi masa shiru fiye da kima. A bayan sito kullum akwai tari, akwai faɗa, akwai jirgi. Nan kuwa wani lokaci yakan buɗe famfo don kawai ya ji motsin wani abu.

A cikin wannan shirun Sannu-Sannu ya zo, wata rana da la'asar, ana yayyafi.

Mutanen bayan sito ne suka sa masa sunan, don ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ba a taɓa ganin ya yi sauri ba. Shi ke raba faɗa a wurin. Wanda hukunci ya faɗa a kansa yakan tashi daga wurin cikin 'yan kwanaki, kuma ba mai tambayar ina ya koma. Amma shi ne ya goya Mai Walda har bakin titi ranar da ya faɗi, ya tsayar da mota. Wannan Mai Walda bai manta ba.

Ya tsaya a bakin ƙofa da jiƙaƙƙiyar riga, bai shigo ba sai da aka ce ya shigo. Ya yaba ɗakin, ya tambayi ƙafa, ya ba da labarin waɗanda suka mutu da waɗanda aka kora. Sannan ya ce, cikin jin nauyi, ko zai ɗan watsa ruwa, rabonsa da wanka na kirki har ya manta. Mai Walda ya ba shi sabulu da tawul. Ya zauna a bakin gado yana jin ƙarar ruwa da muryar mutum a banɗaki, ransa ya yi fari.

Ruwan sama bai tsaya ba, don haka baƙo ya kwana a ƙasa. Washegari ya share ɗakin, ya wanke kofuna, ya sauka ya sayo burodi. Maigida yake kiran Mai Walda, yana ɗan rusunawa in zai faɗa. Da ya ga wahalar da tsohon ke sha wajen tashi ya buɗe masa ƙofa, ya ce bai kamata a riƙa takura wa ƙafar nan ba, a ba shi makullin ya yanko wani. Makullin da ya dawo wuyan Mai Walda sabo ne, yana yin gardama kafin ya juya. Na asalin ya zauna a aljihun Sannu-Sannu.

Daga nan aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Mutanen ba sa sallama, ba sa zama, ba sa kallon mai ɗakin. Sannu-Sannu yakan tare su a bakin ƙofa, a yi magana ƙasa-ƙasa, hannu ya taɓa hannu, su juya. Wata baƙar jaka ta shiga ƙarƙashin gado. Wata safiya Mai Walda ya buɗe firij ya tarar an cika shi da ƙananan ƙullin leda, allurarsa kuwa tana kan taga, rana na dukanta.

Ya yi magana. Ya ce wannan ba daidai ba ne, an gaya masa sharaɗi, shi ba ya son rigima. Sannu-Sannu ya saurare shi har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya jawo kujera ya zauna dab da shi, ya ɗora hannu a gwiwar ƙafar mai ciwo.

"Gaskiyarka, Maigida. Amma ka yi tunani. In aka zo aka ga kayan nan, ɗakin wa za a ce? Ni baƙo ne, ko sunana ba su sani ba. Kai za su kora. Kuma ka san bayan sito yanzu ba kowa muke bari ya kwana ba."

Ya faɗe shi da taushi, kamar mai ba da shawara. Hannun ya ɗan ƙara nauyi a kan gwiwar kafin ya ɗauke shi.

Bayan haka sai ya zama in baƙi za su zo ana roƙon Maigida ya ɗan sha iska. Ya riƙa wuni a kan matakala ta baya, inda ba a cika bi ba, yana zaune a kan siminti da ƙafar da aka ce ya riƙa ɗagawa sama. Gadon ya koma na Sannu-Sannu, wai bayansa na ciwo. Mai gadin ginin ya sha ganin tsohon a matakala, amma ya ɗauka sabo ne irin na mutanen titi, waɗanda ɗaki ke yi wa ƙunci.

Ranakun zuwan Nas kuwa ɗakin yakan yi tsaf. Jaka ta ɓace, allura ta koma firij, Mai Walda ya koma kan gado. Da farko Sannu-Sannu fita yake yi kafin ta zo. Daga baya ya daina. Ya gabatar da kansa a matsayin ɗan ƙanin tsohon, wanda ke leƙowa ya taimaka. Shi ke riƙe mata kwanon ruwa. In ta tambayi Baba ko yana cin abinci a kan lokaci, shi ke amsawa. In ta tambayi barci, shi ke amsawa.

Wata rana Nas ta kwance bandeji. Ciwon da ya kusa haɗewa ya sake buɗewa, gefensa ya yi duhu, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Ta gwada suga, ta sake gwadawa. Ta ɗaga kai ta dubi Mai Walda, shi kuma ya dubi bango. Ba ta yi tsokana ba ranar. Ta naɗe ƙafar, ta wanke hannu, ta tsaya tana goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya tana kallon takalman da ke bayan ƙofa, waɗanda ba za su shiga ƙafar tsohon ba.

Ta ce dole likita ya ga ƙafar yau, motarta na ƙasa. Sannu-Sannu ya ce to bari ya sa riga ya raka su. Ta yi masa murmushi ta ce kujerar baya cike take da kayan aiki, kuma ba a barin 'yan rakiya a ɗakin wankin ciwo, ya zauna ya huta, ai ya yi ƙoƙari. Sannu-Sannu ya riƙe Mai Walda har ƙasa, ya sa shi a mota, ya gyara masa ƙafa da kyau. Kafin ya rufe ƙofar ya sunkuyo.

"Sai ka dawo, Maigida. Ina nan ina jiranka."

Suka wuce shataletale biyu. Mai Walda ya juya ya ga kujerar baya babu komai a kai sai lema. Nas ta gangara gefen titi kusa da wani gidan mai, ta kashe mota.

"Baba, ƙanwa kaɗai ka ce min kana da ita. Wane ne wannan?"

Ya ce wani ne da ya taɓa yi masa alheri. Ta ce ba ta musa ba, amma a ina yake kwana, shi Baba? Ya daɗe yana murza igiyar makullin da ke wuyansa. Ya ce in ya faɗa za a kore shi, shi ya buɗe ƙofa da hannunsa, ba wanda ya tilasta shi. Ta ce ba shi ne na farko da aka yi wa haka ba, irin waɗannan mutanen sun san wanda aka ba ɗaki tun kafin fenti ya bushe, kuma ba a korar wanda aka ƙwace wa ɗaki. Bai yarda da ita nan take ba. Amma ya gaji, ƙafar kuma na zafi har cikin ƙashi, sai ya fara magana. Ya faɗi jakar, ya faɗi firij, ya faɗi matakala. Da ya zo kan hannun da aka ɗora masa a gwiwa sai ya tsallake.

Aka kwantar da shi a asibiti. Yatsu biyu suka tafi, sauran ƙafar ta tsira. Nas ta sanar da ƙungiya, ƙungiya ta sanar da 'yan sanda, amma da aka buɗe ɗakin ba a sami kowa ba. An gyara gado, an wanke firij, an share ko'ina. Mai gadi ya ce mutumin ya fita tun ranar, da jaka a kafaɗa, mutum mai ladabi, har ya tsaya ya tambayi wane asibiti aka kai baffansa. Da aka tambaye shi ko ya faɗa masa, mai gadi ya sosa ƙeya ya ce ai ya ga ɗan uwa ne.

Ba a mayar da Mai Walda ginin ba. An canja masa ɗakin jinya, bayan sallama kuma aka ba shi wani ɗaki a can ɗaya gefen gari, a ƙasa, inda mai gadi ba ya barin baƙo ya wuce sai mai ɗaki ya fito da kansa. Aka haɗa shi da wasu tsofaffi da ke taruwa da hantsi suna hira a farfajiya. Ƙanwarsa ta zo sau ɗaya, ta yi kuka, ta kawo masa bargo. Ya fara yin ƙiba kaɗan. In aka taɓa ƙofa dai, ko da iska ce, yakan daina tauna abin da ke bakinsa har sai ya tabbatar.

Watanni suka wuce. Wata safiya yana zaune a layin masu ciwon suga a asibiti, sai ya ga, nan kusa da shi, wata tsohuwa da ya sani tun bayan sito, mai tsintar robobi, wadda tari ya kusa kashewa. Ta yi fes, da sabon zane, da makulli a ɗaure a bakin mayafinta. Ya buɗe baki zai kira ta ya yi mata barka, sai ya ga wanda ke riƙe mata jakar magani, yana tafiya a gefenta a hankali, yana kare ta daga masu turereniya.

Sannu-Sannu ya gan shi. Bai firgita ba. Ya ɗan rusuna daga inda yake, ya dubi ƙafar, ya girgiza kai irin na jaje, sannan ya kama gwiwar hannun tsohuwar ya juya da ita wajen ƙofar fita.

Abin da ya fara zuwa wa Mai Walda a rai shi ne ya sunkuyar da kai ya jira a kira shi, ya koma ɗakinsa ya kulle. Ya zauna a haka har mutum biyu suka wuce gabansa. Sannan ya laluba sandarsa ya miƙe, ya bar layin, ya bi barandar yana jan ƙafa, yana tambayar duk mai farar riga inda zai sami Nas.

Ya same ta tana haɗa kayan fita. Ta saurare shi, ta ajiye jakar ta ɗauki waya. Tsohuwar ba ta cikin mutanen ƙungiyarsu, wata ƙungiya ce daban ta ba ta ɗaki, kuma Mai Walda bai san sunanta na gaskiya ba, don a bayan sito ba a tambayar suna. Nas ta ce za ta bi ta wurin masu ba da magani, za a samo ta, ko da zai ɗauki kwanaki. Ta ce kada ya koma gida shi kaɗai yau, ya jira ta.

Ya zauna a kan benci a bakin ofishinta, inda yake iya hango babbar ƙofar asibitin. Mutane na shiga suna fita, wasu da 'yan rakiya. Idanunsa ba sa gani da nisa, don haka duk wanda ya shigo yana tafiya a hankali sai ya bi shi da kallo har ya matso ya ga fuskarsa.