Ranar da Baba Ya Koma Kan Keke

Tun da aka sallamo Baba daga asibiti gidan ya koma lallaɓa shi kamar ƙwai. Ciwon zuciya ne ya kayar da shi a shagonsa na ɗinki. Wata jijiya da ke kai wa zuciyar jini ce ta toshe, likitoci suka buɗe ta, Allah ya tashi kafaɗunsa. Ranar sallama likita ya faɗi abu biyu a gaban kowa: ya riƙa shan magani, ya kuma riƙa motsa jiki kaɗan-kaɗan. Maganin kowa ya ji. Motsin kuwa babu kunnen da ya shiga.

Aka girke shi a kujerar falo, aka jera masa matasai. In ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, an riga shi. Masu zuwa dubiya kuwa kamar sun haɗa baki, kowa da irin hudubarsa: "Malam, ka yi ta hutawa, kada ka motsa." Mutanen da ba su taɓa ganin ko hoton zuciya ba duk sun zama likitoci. Keken ɗinkinsa na ƙafa da aka kwaso daga shago yana can lungu, an lulluɓe shi da zane. Don kada ma ya yi sha'awa, Mama ta cire igiyar da ke juya shi ta ɓoye.

Auta, ƙaramar 'yarsu, nas ce. Da ta samu hutu ta zo gida, abin da ta tarar ya ɓata mata rai. Mutumin da a da bakinsa ba ya hutawa da tsokana ya zama sai kallon bango. Idon sawunsa ya kumbura, har robar safa ta bar masa zane. Ta ɗauke shi ta mayar wurin likita. Aka duba, aka ce zuciya tana aikinta, kumburin na zama ne. Ta tambaya ko zai iya taka keken ɗinki. Likita ya ce ya taka a hankali, amma in ya ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya hana shi magana, ya tsaya nan take.

Suna dawowa ta sami Mama a kicin.

"Mama, ina igiyar keken nan?"

"Wace igiya? Ke dai ba kya zuwa gida sai da fitina."

"Zaman nan shi zai ƙarasa shi. Jini yana sauka ƙafa da sauƙi, hawowa ce wahala. Naman sha-raɓa ne ke matse jijiyoyi yana turo shi sama, in mutum yana takawa. Kun hana shi takawa, to wa zai turo? Ita ma zuciyar tsoka ce, in an bar ta zaune raguwa take zama."

Mama ta ajiye ludayi. "Ke ba ki ga lokacin da aka shigo da shi ba. Ni na gani. In ya hau keken nan ya faɗi, takardar makarantarki ce za ta dawo min da shi?"

Daga falo suka jiyo muryar Baba: "In kun gama raba gadona, igiyar tana bayan buhun gawayi. Tun ranar da aka ɓoye ta na sani."

Auta ta ɗauko, ta yaye zanen, Baba da kansa ya ɗaura igiyar ya ɗiga mai. Ya zauna, ya saka wani ƙyallen da ya rage, ya ɗora ƙafafu. Keken ya yi ƙara kamar mai gyaran murya, sannan ya kama. Mama tana bakin ƙofa, ta riƙe gefen zanenta tana motsa leɓe.

Ba a jima ba gumi ya tsattsafo masa a goshi. Numfashinsa ya ƙaru, jijiyar wuyansa ta tashi tana harbawa a fili.

"Innalillahi! Kin gani ko? Kin gani? Ciwon ya dawo!" Mama ta yo kansu. "Malam, don Allah sauka!"

Auta ta kai yatsu biyu gefen wuyansa. Bugun yana sauri. A asibiti ta sha taɓa irin wannan ba ta ji komai ba, amma waɗancan iyayen wasu ne. Ta san ƙafa mai aiki tana neman ƙarin jini, jijiyoyinta suna buɗewa, dole zuciya ta ƙara sauri ta kai mata. Ta san gumin ma jini ne ya kwaso zafi ya kawo fata. Duk ta sani. Amma in ita ce ta yi kuskure fa? Da wane ido za ta kalli Mama?

"Baba, ƙirjinka?"

"Yana nan inda na bar shi."

"Jiri fa? Yi min magana mai tsawo in ji."

Bai daina takawa ba ya dubi rigarta ta aiki da ke rataye a ƙofa. "Wane mugun ne ya ɗinka miki wancan abin? Hannu ɗaya ya fi ɗaya, wuya ya karkace kamar an yi faɗa da shi. 'Yar tela guda tana yawo a gari da wannan, ai gara a ce ban haihu ba."

Ya kai ƙarshen maganar bai yanke ba, bai nemi iska a tsakiya ba. Auta ta ce ya isa haka na yau. Ya ɗage ƙafa, keken ya yi shiru. Ta kamo hannun Mama ta ɗora yatsunta a wuyan hannunsa.

"Kada ki saki. Ki ji da kanki."

Mama ta tsaya, ido a rufe. Bugun da ke gudu a ƙarƙashin yatsunta ya fara sassautawa, kaɗan-kaɗan, daidai-wa-daida, babu tsalle babu tuntuɓe.

"Yana sauka," ta ce a hankali.

"Haka ake so. An nema, ta bayar, an gama, ta koma hutunta."

Sai a lokacin Auta ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙafar keken, tana dariya hawaye na zuba.

"Ji likitar gida," in ji Baba. "A kawo mata ruwa, ita ce marar lafiyar."

Mama ta share ido da gefen mayafi, ta shiga ɗaki. Ta fito da wani zanenta a hannu, wanda bakinsa ya warware. Ta ajiye a kan keken ba ta kalli kowa ba.

"Gobe," ta ce. "Kuma ina zaune a nan za ka yi shi."