Fuskar Bos

A ɗakin kwanan ɗalibai, Mudassir ake kai wa mutum-mutumin 'yan fim na roba ya tantance. Ran Juma'a wani ƙaramin ɗalibi, Auta, ya shigo yana washe baki, ya tsinto mutum-mutumin wani mugun bos mai jar alkyabba a gwanjon kasuwar Wudil.

Mudassir ya duba tafin ƙafar, ya ga hatimin kamfani. Na asali ne, wanda ya daɗe yana nema. Wai a hannun wannan baƙauyen!

Sai ya ce wa Auta, "Na asali ba ya narkewa. Mu gwada?"

Auta ya gyaɗa kai. Mudassir ya ƙyasta ashana ya kara a fuskar bos ɗin. Fuskar ta zagwanye, aka fashe da dariya.

"Jabu ne."

Auta ya karɓa da hannu biyu. "Na gode, Yaya. Gara da ka faɗa min gaskiya."