Gorar Eriyar Bamanga

"Hagu! Hagu kaɗan!" Bamanga ya ɗaga murya daga zaure. "Tsaya nan!"

Hoton ya daina rawa. Mutane suka gyara zama.

A shekarun da kuɗin fetur ya cika ƙasa ne ɗansa Hamman, mai aikin gwamnati a Bauchi, ya kawo masa akwatin talabijin. Duk layinsu a unguwar Kumbiya-Kumbiya babu na biyunsa. Bamanga tsohon dillalin shanu ne, ba ya son wargi. Ya ɗora akwatin kan tebur a zaure, ya hana kowa taɓawa.

Sai dai tashar na da nisa. Hoto ba ya zuwa sai da eriya a kan doguwar gora, gorar kuma a tsakar gida aka kafa ta, jikin rumbu. An ɗaure ta da igiya, iska ta juya ta. An ɗaure da waya, ta juya. Sai an riƙe da hannu ana murzawa. Gidan Bamanga kuwa maza ba sa shiga. Don haka matarsa Hadijatu ke riƙo duk Lahadi bayan la'asar. Da safe takan goge akwatin da tsumma, amma ba ta taɓa ganin sa a kunne ba.

Shirin na Turawa ne. Wani jirgi ne mai kama da tulu, yana yawo tsakanin taurari. Shugabar jirgin mace ce, mutanen zaure suka sa mata suna Mai Wando. Makon jiya an tashi jirgin ya maƙale tsakanin wasu rana guda biyu masu ƙuna, ƙarfensa ya fara narkewa. Yau za a san ko za su fita. Shi ya sa Bamanga ya aika har gidan Mai'unguwa Bobbo, ya ce ya zo ya gani, a zaurensa hoto bai taɓa yankewa ba. Mai'unguwa ya zo, an shimfiɗa masa buzu a gaba.

"Me take cewa?" Bamanga ya tambaya.

Matiyu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ne mai fassara. "Ta ce kowa ya koma mazauninsa, ita za ta riƙe sitiyari."

"Banza."

"Haba Baffa," in ji Iro mahauci, "ai ita ce babba."

"Wa ya naɗa ta? Ga ƙato can mai gemu a bayanta, yana danna maɓalli kamar akawu. Na je silima sau ɗaya, na ga na Indiya. Mace ta yi waƙa, ta yi kuka, namiji ya zo ya cece ta. Haka ake fim."

"Ba ka ga na 'yan Sin ba," in ji Iro. "Wata 'yar firit ta daki maza har kan rufi. Wallahi ranar da na koma gida sai da na yi sallama da ladabi."

Zaure ya ɗauki dariya.

"A asibitin mishan ɗinmu," in ji Matiyu, "wata sista ce ke tuƙa motar marasa lafiya. Ba ta taɓa faɗawa rami ba."

"Mota a ƙasa take," Bamanga ya ce. "Ku jira. Mai gemun nan zai karɓa. Hannun mace rawa yake. Ba a ɗora ran jama'a a kansa."

Bai rufe baki ba hoton ya watse. Akwatin ya cika da fari-fari kamar tsakin masara, yana shuuu.

"Dama!" Bamanga ya yi kira.

Shiru.

"Hagu!"

Shiru.

Mai'unguwa ya yi gyaran murya. "Bamanga, ko jirgin ne ya narke?"

"In shiga in riƙe muku?" Iro ya yunƙura.

Bamanga ya dube shi. "Gidana?"

Iro ya koma ya zauna.

Bamanga ya ɗaga asabarin ƙofar ciki ya shiga. Gora na tsaye ita kaɗai, iskar hadari na wasa da ita. Hadijatu na kan tabarma tana gyaran zogale.

"Ke, lafiya?"

"Lafiya lau, Malam."

"Gorar fa?"

"Ga ta nan. Hannuna ke rawa. Na ji tsoro in ɓata muku."

Ya tsaya. Ashe katangar zauren ba ta da kauri.

"Da Baturiya nake."

"To."

"Mai'unguwa na zaune."

"Na ji muryarsa. A gaishe shi."

Ta ci gaba da tsinkar ganye. Bamanga ya san ta. Tun suna ƙuruciya, in ta ce "to" irin wannan, ko saniya aka ɗaura mata ba ta motsawa. Daga zaure ya ji Matiyu na cewa lokaci na tafiya. Ya tattare hannun riga, ya kama gorar da kansa.

Nauyinta ya ba shi mamaki. Sama na ja gabas, ƙasa na zamewa. Ya murza.

"Ya zo?" ya yi kira.

"Dama!" in ji Iro.

"A'a, hagu!" in ji Matiyu.

"Damar wa? Tawa ko taku?"

Kowa ya kama faɗin tasa. Bamanga ya juya nan, ya juya can, hularsa ta faɗi. Gumi ya karyo masa. Ya dubi matarsa. Bai roƙe ta ba, bai iya ba. Ya dai ce, "Ina kike nufa da ita?"

Hadijatu ta karkaɗe zani ta miƙe. Ba wajen gorar ta zo ba. Ta ɗauki 'yar kujerarta, ta ajiye a bakin ƙofar zaure ta ciki, bayan asabari. Daga nan tana hangen akwatin ta tsakanin kararen asabarin, tana kuma ganin mijinta.

"Saita ta da kan tsamiyar gidan liman," ta ce. "Ƙara. Ya yi yawa, dawo. In iska ta taso ka jingina da kafaɗa. Tsaya nan."

Zaure ya kaure da sowa.

"Allah ya yi miki albarka, Goggo!" in ji Iro.

Hadijatu ta sa hannu a haɓa, ido a kan akwatin. "Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ashe haka Mai Wandon take. 'Yar siririya."

Bamanga na jin kiɗan shirin da ƙarar inji, ba ya ganin komai sai bangon rumbu. Ya daure, ya daure, ya kasa.

"Mai gemun ya karɓa?"

"Ya taso dai," in ji Hadijatu.

"Na faɗa!"

"Zafi ya kayar da shi. Suna yi masa fifita."

Dariyar Mai'unguwa ta fi ta kowa. Matiyu na fassara da ƙarfi, wai Mai Wando ta ce kowa ya riƙe abin da ke kusa da shi, za ta bi ta tsakiya. Iska ta sake bugowa. Gorar ta yi gefe, kafaɗar Bamanga ta ɗauki zafi.

"Malam," in ji Hadijatu, ba ta ko waiwayo ba, "hoton na rawa."

Ya ƙara hannu na biyu, ya kafa ƙafa a gindin rumbu.

"Dama ko hagu?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.