Abincin Sha Ɗaya da Rabi

Ranar Litinin ta biyu a cikin watan Janairun 1987, abincin Emil Rusnak ya makara da awa ɗaya da minti arba'in. Emil yana da ciwon suga, kuma ya riga ya yi wa kansa allura yana jiran abincin. Stan Havrilla ne ya makarar da shi. Ba mantawa ya yi ba, motarsa ma lafiyarta lau. Da gangan ya juya hanya, a ganinsa gyara yake yi.

Stan direban babbar mota ne. Shekara talatin da ɗaya yana jigilar ƙarfe daga masana'antar garin, har ranar da aka garƙame ta aka sallami kowa. Ya yi shekara biyu a zaune gaban talabijin, sai ƙanwarsa Loretta ta gaji da ganinsa. Ita ke riƙe da kicin ɗin da ke ƙarƙashin coci, inda ake dafa wa tsofaffi abincin rana a kai musu har gida.

"Kana da mota, kana da ƙafa biyu, ba ka da aikin fari balle na baƙi," ta ce masa. "Gida sha huɗu ne kawai. Ka ƙwanƙwasa, ka ga fuskar mai gida, ka miƙa, ka wuce. Ko kai ma za ka iya."

"Me ake ba mutum?"

"Kofi. Shi ma in ya rage."

Ba Loretta ce ta fara aikin ba. Dolores Pasternak ce, a 1968, bayan ta shiga gidan wata tsohuwar maƙwabciyarta ta tarar wata guda ke nan ba ta cin komai sai shayi da busasshen burodi. Ta tara mata uku na cocin, suka soma da gida bakwai. Lokacin babu jakar riƙe zafi. Tubali suke gasawa a tanda, su naɗe shi da jarida, su jera a ƙasan kwali, su ɗora kwanoni a kai. Babu gwamnati a ciki, babu ofis. Komai a kan Misis Pasternak yake: wa ba ya cin gishiri, wa ba shi da haƙori, wa ke ɓoye makulli a ƙarƙashin tukunyar fure. Kafin ta mutu gidajen sun kai sittin, hanya huɗu. Abin da ta bari a rubuce kwali huɗu ne, kowanne da jerin sunaye da rubutun hannunta, an lulluɓe su da leda saboda maiƙo.

Kwalin da aka ba Stan tun ranar farko ya ɓata masa rai. Cocin yana bakin kogi. Jerin ya ce ka bar duk gidajen da ke kusa, ka haye gada, ka hau har ƙarshen tudu, ka ba Emil Rusnak nasa. Sannan ka gangaro kana rabawa, ka sake haye gadar, ka ƙare da waɗanda ke bayan coci. Wanda ya yi shekara talatin a bayan sitiyari ba ya ganin irin wannan ya yi shiru.

Gida na ƙarshe na Misis Orlowski ne, layi biyu daga coci. Tana cikin mata huɗun nan na farko, ta yi shekara goma sha biyar tana ɗaukar kwali, yanzu ƙafa ta ƙi, ita ake kawo wa.

"Tun ƙarfe goma nake jin ƙanshin abincin nan ta taga," takan ce masa. "Sai ya zagaya duniya ya zo mini kamar gawa. Taɓa dankalin nan, Stanley. Taɓa mana."

"Ba na taɓa abincin mutane."

"To ni na taɓa. A zamaninmu da tubali muka fi ku."

A ƙarƙashin sunan Emil akwai ɗan layin jan alƙalami da ya koɗe. Stan ya nuna wa Loretta.

"Kare ne," ta ce, tana juya miya, ko waiwayowa ba ta yi ba. "Duk inda Dolores ta sa ja, akwai kare."

"Karen Emil ya mutu shekara huɗu ke nan."

"To ka huta da cizo."

"Me ya sa shi ne farko?"

"Ka je maƙabarta ka tambaye ta. Ni dai a kai abinci da zafinsa."

Emil shekararsa tamanin da ɗaya. A bakin wutar narka ƙarfe ya ƙare ƙuruciyarsa, tare da uban Stan. Gidan tudun da hannunsa ya gina shi, har da matakalar siminti guda tara da ke hawa zuwa baranda. Matarsa ta mutu, 'yarsa tana can Arizona. Idonsa ɗaya ya tafi, ɗayan ma saura kaɗan. Bai taɓa gaya wa kowa a garin yana da ciwo ba, sai Dolores Pasternak, ita ma don ta ga allurar ne a kan tebur. Ita ce ta ce masa ya yi allurarsa sha ɗaya da kwata, abinci zai iso sha ɗaya da rabi, ko ana ruwan duwatsu. Shekara takwas ba a saɓa ba.

Kullum Stan zai tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, agogon da kamfani ya ba shi a hannu, ya kara shi kusa da idon da ke gani.

"Sha ɗaya da talatin da uku, ɗan Havrilla. Ubanka ma haka yake, kullum a makare. Ranar aurensa sai da aka je aka taso shi."

"Ubana ya ce rabin aikinka shi yake yi maka."

"Ƙarya yake yi, Allah ya ji ƙansa. Yau me suka ƙona?"

"Kaza."

"Wannan kazar ta girme ni."

"To ka gaishe ta da ladabi."

Haka suke kullum. Wata uku, ba wanda ya taɓa faɗa wa ɗan uwansa magana a miƙe. In Stan ya ce gobe ba zai zo ba, Emil zai ce alhamdu, a huta. Washegari Stan ya zo.

Stan ya zauna da taswirar garin a teburinsa ya zana sabuwar hanya. A fara da bayan coci, a haye gada sau ɗaya, a ƙare a tudu. Kowa zai sami abinci da sauran zafi, ban da mutum ɗaya ko biyu. Ya kuma lissafa cewa in Emil ne ƙarshe, babu sauran gaggawa, zai iya zama su sha kofi. Wannan bai faɗa wa kowa ba. Loretta ta dubi takardar ta ce, "Kai ne direba."

Ranar Juma'a ya gaya wa Emil.

"Daga Litinin kai ne na ƙarshe, tsoho. Na juya hanya. Sai wajen ƙarfe ɗaya za ka gan ni."

"Ka juya kanka dai. Dolores ta ce sha ɗaya da rabi."

"Dolores tana ƙarƙashin ƙasa."

"Daga can ma ta fi ka sanin hanya."

"Da gaske nake yi fa."

"Ni ma da gaske nake. Ka makara ka gani, in sa a kore ka daga aikin da ba a biyanka." Ya buɗe murfin kwanon ya shinshina. "Kifi kuma? Wannan a wane yaƙin ya mutu?"

Stan ya yi dariya ya sauka matakala. A wurinsa ya faɗa. A wurin Emil an yi wasan da aka saba.

Litinin aka tashi da sanyi mai tsanani. Dusar ƙanƙara ta zuba tun Lahadi, ta daskare. Sha ɗaya da ashirin Stan ya ƙwanƙwasa ƙofar Misis Orlowski. Ta buɗe murfi, tururi ya bugi tabarau ɗinta.

"Ikon Allah. Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Ke ce farko yanzu."

"Har ka je tudu ka dawo?"

"Tudu ne ƙarshe."

Ta tsaya da cokali a hannu. "Emil fa? Akwai dalilin da Dolores ta sa shi a gaba. Bari in tuna."

"Kare ne. Ya mutu."

"Kare? To, ƙila. Kaina ya zama rariya. Ja mini ƙofar da kyau, iska na shigowa."

Ya bi sauran gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina ana yabon zafin abinci. A gida na tara wani tsoho ya roƙe shi ya canza masa ƙwan fitila, ya canza. A kan gada motar share ƙanƙara ta tare hanya, ya bi bayanta a hankali. Bai ji komai a jikinsa ba. Rediyo yake saurare.

Ƙarfe ɗaya da minti goma ya tsaya a gaban gidan tudun. Ƙofar a buɗe take. Emil yana kwance a ƙasan matakala, a gefensa, da rigar cikin gida da silifa ɗaya. Ɗayan silifan yana can a mataki na shida. Idonsa a buɗe, leɓensa na motsi, ba abin da ke fita. Gemunsa ya yi ƙanƙara.

Stan ya ajiye kwanon a kan motar, ya cire kwat ɗinsa ya rufe shi, ya shiga ya buga wa asibiti waya. A kan teburin kicin ya ga faranti an ajiye, da cokali da wuƙa a gefe, da kofin ruwa. Kusa da su ga allura da 'yar kwalba. Ya tsaya yana kallonsu har matar da ke wayar ta sake tambayarsa lambar gidan.

A asibiti likita ya yi musu bayani shi da Loretta, a tsaye a baranda. In an yi allurar ba a ci abinci ba, suga yakan faɗi, kan mutum ya rikice. Akwai madara a firij ɗinsa, akwai sukari a gwangwani, amma a wannan halin mutum ba ya tuna su. Da alama fitowa ya yi ya duba mota.

"Ba wanda ya san yana allura?" likitan ya tambaya.

"Ba wanda ya sani," in ji Loretta.

Ranar Talata Stan ya ɗauki jakunkuna kamar kullum, don ba wani direban. Misis Orlowski ta buɗe ƙofa, ba ta karɓi kwanon ba.

"Na tuna," ta ce. "Jiya bayan na ci na ƙoshi na tuna. Ɗigo shi ne kare. Ja a ƙarƙashin suna, allura ne. Mu huɗu duk mun sani. Ba mu rubuta ba, don mutane ba sa son a san ciwonsu."

"To."

"Ba laifinka ba ne, Stanley."

"Ina zan ajiye miki?"

Ba wanda ya ce laifinsa ne. Fadan cocin ya kira shi gefe ya ce nufinsa alheri ne. Loretta ta yi kuka sau ɗaya a ɗakin ajiye dankali, ta fito ta wanke fuska, ta sayo sababbin katuna. Ta bi gida sittin tana tambayar kowa ciwonsa da maganinsa, tana rubutawa ɓaro-ɓaro. Aka samu mutum biyar masu allura. Aka bar hanyar Stan yadda ya zana ta, tunda yanzu ba kowa a ƙarshen tudu, kuma hanyar ta fi ta dā. Wannan ba mai musu.

Stan ya ci gaba da tuƙi. Yana ci, yana barci. Ya yi ta jiran ranar da abin zai taso masa, bai taso ba. Sai dai ya daina wasa da tsofaffin. Ya ƙwanƙwasa, ya ga fuska, ya miƙa, ya wuce. Wasu suka ce wa Loretta yayan nan nata ba shi da fara'a.

Sau ɗaya ya je duba Emil, cikin watan Afrilu, a gidan kula da tsofaffi da ke bayan gari. Ya same shi a keken guragu kusa da taga, bargo a cinya. Stan ya ja kujera ya zauna.

"Ni ne, ɗan Havrilla."

Emil ya juyo da idon da ke gani. Ya daɗe yana kallo.

"Sannu da zuwa, yallaɓai," ya ce, a hankali, da ladabi. "Kai ne likitan?"

"A'a."

"To. Na gode da ka zo."

Stan ya yi minti ashirin a zaune. Da wata ma'aikaciya ta zo ta ce lokacin wanka ya yi, ya tashi ya sa hularsa.

Ƙashin ƙugun Emil ya karye a faɗuwar, bai haɗu ba. Sanyi ya cinye masa ƙafar hagu, aka yanke ta daga ƙasan gwiwa, da yatsu biyu na hannun dama. Abin da ya tafi a kansa bai dawo ba. 'Yarsa ta zo daga Arizona ta yi kwana shida, ta kwashe kayan gidan ta ba coci, ta sayar da gidan ga wasu baƙi. Emil ya ƙara wata goma sha tara a ɗaki mai gado huɗu, bai sake taka ƙasa ba, ya mutu a can.