Kwamfutar Fulatan a Garken Unguwar Hajji

Ƙungiyar manoman gyaɗa ta sayi kwamfutoci ta raba wa rassanta na Fulatan, Rogo Ruma da Unguwar Hajji. Ta Fulatan tana hannun Ƙasimu, mai riƙe da makullin sito. Sharaɗin ɗaya ne: duk wanda ya fitar da kwamfuta daga ofis, a bakin aikinsa.

Ana nan sai surukinsa, Alhaji Sulle na Unguwar Hajji, ya aiko a ba shi aronta, autarsa za ta yi shirin jarrabawa. Ina Ƙasimu ya ga bakin cewa a'a ga mutumin da ko sunansa ba ya iya kamawa? Ya naɗe ta a zanen matarsa Hajo, ya kai da kansa.

Ranar taro a Karaye, Kausar mai kula da na'urorin ta haska allo a bango.

"Kowace kwamfuta, intanet ɗin ofishin da ta kama shi ke nuna garinta," in ji ta. "Wata manhaja ce ke kora ta garken wannan ofishin da kanta. Kamar saniya ce, mashayarta ke faɗin inda ta yini."

Rogo Ruma ga tasu. Unguwar Hajji har biyu. Fulatan wayam.

Gidan Alhaji Sulle katanga ɗaya ne da ofishin Unguwar Hajji. Sai yanzu abin ya faɗo wa Ƙasimu.

Shugaba Ɗanmaliki ya sauke tabarau. "Malam Ƙasimu, taka ƙafa ta yi ne?"

"Ganin gida ta je!" in ji wani daga baya. Aka kwashe da dariya.

"Wa ka ba?" in ji Shugaba.

Alhaji Sulle na zaune cikin dattawan kwamiti yana jan carbi. Ƙasimu ya tsura wa takalman dattijon ido, ya kasa ɗagowa. Da ya faɗi suna, da an yi masa uzuri. To amma ya kwance wa kakan 'ya'yansa zani a kasuwa?

"Ranka ya daɗe, ni na kai ta. Don buƙatar kaina."

Alhaji Sulle ya girgiza kai. "Yaran yanzu, amana nauyi take musu. Allah Ya shirya."

"Amin, Baba," in ji Ƙasimu. Ya ajiye makullin sito a kan tebur.

Da aka watse, dattijon ya yafito shi gindin darbejiya, ya yi ƙasa da murya.

"Ka ɗan bar mana ita zuwa Asabar, yarinyar ba ta gama ba."

Ƙasimu ya durƙusa. "To, Baba."