Fansar Gonar Dakko

Nasidi yana jin sallamar ya gane muryar. Ya mayar da lomar da ya gutsuro cikin kwano, ya lallaɓa ya shige bayan ƙyaure. Ƙato guda, mai saɓa buhun siminti a kafaɗa ɗaya a wurin aikin dam ɗin Bakolori, ga shi ya maƙale a lungu yana yi wa matarsa alama da hannu.

"Ce mashi ba ni nan," in ji shi cikin raɗa.

Nagode ta harare shi, ta ja mayafi ta fita bakin zaure. Falalu ne, mutumin garinsu Dakko, ya ci kasuwar Talata zai koma gida. Suka shiga gaisuwa, daga gajiya zuwa yara, daga yara zuwa zaman baƙunta, sannan mutanen Dakko gida gida. Nasidi yana tsaye har ƙafarsa ta yi tsami.

"Maigidan hwa?"

"Bai dawo ba."

"To, Baba Magaji yac ce in hwaɗa mashi shi zo. Shi zo maza, kar shi bari Jumma'a ta wuce. Maganag gona ta."

"Lahiya dai?"

"Iyakar abin da yac ce min ke nan. Kin san tsoho, ba shi ba ɗan aike maganag gona."

Gonar ta mahaifin Nasidi ce, marigayi Gajere, fadama ce mai ba da shinkafa ko a shekarar da tudu ya ƙi. A shekarar fari, da rumbu ya ƙare kuma uwarsa ta kwanta ciwon ajali, Nasidi ya jinginar da ita ga Magaji, aminin mahaifinsa, a kan fam arba'in. Magaji zai riƙa nomanta har ranar da kuɗinsa suka dawo, kuma kuɗin jingina a dunƙule ake kai su, ba a biyansu gutsi-gutsi. Nasidi ya yi alkawarin damina biyu. Yanzu ta huɗu ta wuce. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne maganar da tsohon ya yi ranar da suka ƙulla, cewa in abin ya gagara ya zo a cika masa kuɗi ta zama saye. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma tun daga ranar maganar take bin Nasidi.

"Ka ji da kunnenka," Nagode ta ce da ta dawo. "Ka tai ka ji mi na na."

"Na san mi na na. Ya gaji. So shikai in sai mashi."

"Ka tai dai. Mutum ya aiko maka."

"In tai da wane ido? Hannu rabbana? In yac ce in sai mashi, abokin ubana na, ba ni iya ce mashi a'a. In ban tai ba kuwa, bai tambaye ni ba."

Ita ma ta san kunyar da yake magana a kai, tana jin ta duk ranar da mutumin Dakko ya tambaye ta yaushe za su dawo gida.

Ba ragwanci ne ya hana su ba. Tun da suka taso zuwa Talata Mafara suka kama ɗaki guda a gidan haya, Nasidi bai taɓa fashin aiki ba, ita kuma Nagode tana tuwon sayarwa ga leburori a ƙofar gida. Duk ƙarshen wata sai su zauna su raba albashi gida uku: na ciki, na mai gida, na gona. Na gonar a gwangwanin madara ake zuba shi a tura ƙarƙashin gado. Sai dai gwangwanin nan kowa ya san hanyarsa. Gero ya san ta, don tunda aka hana mutanen yankin shuka saboda aikin gyaran ƙasa, farashin tiya ya hau bai sauko ba. Kananzir ya san ta, sabulu ya san ta. Ƙanen Nagode ya yi aure, kuma ba a zuwa biki da baki kawai. Da suka kusa cikawa bara, ƙyanda ta kama 'yarsu Batulu, aka kwana asibiti, aka fito da yarinya da rai da gwangwani fayau. Nasidi ya gode wa Allah da gaske, sannan ya zaga bayan gida ya yi kuka.

Ita Nagode tana da nata burin, kuma ba ta ɓoye shi. Keken ɗinki take so. Akwai wani baƙi mai zanen ruwan zinari a kantin bakin tasha, takan bi ta wurin ko da ba hanyarta ba ce, ta tsaya ta tambayi kuɗinsa kamar ba ta sani ba. Mai kantin har ya daina tashi in ya gan ta. Daga ribar tuwo take zubin adashi da matan unguwa, sule sule, kuma ta riga ta zaɓi kusurwar ɗakin da keken zai zauna. Nasidi yakan tsokane ta da telar da ba ta taɓa zura zare a allura ba, ita kuma ta ce ai shi ma manomi ne marar gona, sun yi daidai. Da can dariya suke yi. A 'yan watannin nan in ta faɗa babu mai dariya.

Juma'ar ta zo ta wuce. Nasidi ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauka ya tsallake. Ya daina bi ta kasuwa ranar Talata, in ya hango rawani ko tafiya irin ta mutanen Dakko sai ya sake hanya. A wurin aiki ana ta labarin cewa motocin baje ƙasa sun nausa yankin Bakura, amma wani direba ya ce ɓangaren Dakko sai bayan damina. Nasidi ya kama wannan maganar ya riƙe, don ita ce ta yi masa daɗi. Ya ƙara karɓar aikin Lahadi, ya daina cin goro, ya rage tuwon rana ya koma kan gari da ruwa. Wuyansa ya zurma, wandonsa ya koma sai da igiya. Duk da haka, da aka yi albashi suka juye gwangwanin a kan tabarma, da sauran tafiya. Ga gajimare ya fara taruwa a gabas, kuma in ruwa ya sauka Magaji ya yi shuka, sai kuma wata shekarar.

Ranar da kwasar adashi ta zo kan Nagode, ta shigo da ƙullin a bakin zane. Ba ta zauna ba. Ta kwance ta ajiye a gabansa, ta juya tana gyara kwanonin da ba su bukatar gyara.

"Mi na na wanga?"

"Ka cika ka kai mashi."

"Kekenki hwa?"

"Keke na nan, ba shi da ƙahwahu. In munka noma shinkahwa na saya." Sai ta hau faɗa da Batulu a kan ta zubar da ruwa.

Ya so ya ƙi, wallahi ya so. Amma hannunsa ya riga shi. Ya ji daɗi kuma ya ji kunyar daɗin da ya ji.

Da sassafe ya sa rigarsa ta sallah, ya hau motar Bakura, ya ƙarasa Dakko a ƙasa. Tun daga nesa ya lura hanyar ta yi faɗi, ƙurar ta yi ja, amma hankalinsa yana kan aljihunsa da kan kalmomin da ya shirya. Ya tarar da Magaji a zaure a kan buzu. Tsohon ya rame, har rawanin ya yi masa yawa. Nasidi ya tuɓe takalmi ya durƙusa, suka gaisa gaisuwa mai tsawo, kowa idonsa a ƙasa. Sannan ya fito da ƙullin ya ajiye a bakin buzun da hannu biyu.

"Baba, ga amanakka. Na makara, a yi min aikin gahwara."

Magaji bai dubi kuɗin ba. Shi ya duba.

"Saƙona bai ishe ka ba, Nasidi?"

"Ya ishe ni, Baba."

"To mi ya hana ka zuwa?"

Nasidi ya sunkuyar da kai. "Kuɗɗin ba su cika ba."

"Wa yat tambaye ka kuɗɗi?" Tsohon ya dafe goshi, ya jima yana salati. "Masu awo sunka zo, ɗana. Sunka ce kowa shi tsaya cikin gonatai a ɗau sunanai, in an gama gyaran ƙasa a maida mashi gwargwadon abinai. Da anka zo taku, malamin yac ce ta wa ta. Nic ce ta Nasidi ɗan Gajere ta, jingina ta a hannuna. Yac ce shi bai san jingina ba. In tawa ta in hwaɗi shi ɗau sunana, in ba tawa ba ta a kawo mai ita kahin Jumma'a."

"Ba ka ce taka ba ta?"

"In ce tawa ta? Gonag Gajere? In na mutu in ce mashi mi?"

Nasidi ya ji wani abu ya taso masa, haushi ne ko kuka ne bai tantance ba. Da tsohon nan ya yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarsa, da yau akwai abin da zai mayar masa. Da shi kuma ya fito daga bayan ƙyaure, da ba a kai ga haka ba. Duk ya san wannan a lokaci guda, kuma babu wanda zai iya faɗa wa.

"Sai sunka wuce ta," Magaji ya ci gaba. "Na bi su har Bakura, anka ce an gama da yankinmu. Tashi mu tai ka gani."

Suka fita bayan gari, tsohon yana dogara sanda. Inda gari ya ƙare, komai ya ƙare. Jar ƙasa ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da sawun katafila a kwance a kanta. Babu gamba ta kan iyaka, babu kunyoyin shuka, babu giginyun da ake kwatance da su, har ƙoramar da ke raba fadama da tudu an cike ta. Nasidi ya yi gaba da sauri, ya tsaya, ya waiwayi garin ya auna da ido, ya karkata dama ya sake tsayawa. A gonar nan ya koyi riƙon fartanya, da can ko ido a rufe zai kai kansa.

"Nan ta," ya ce.

Magaji ya ƙaraso yana haki, ya duba gabas ya duba yamma. "A'a. Ina ga nan ta Sa'idu ta. Taku na can gaba." Ya nuna da sanda, sannan ya ɗan sauke ta. "Ko kuwa mun wuce ta."

Suka yi ta zagaye a cikin rana, wannan ya nuna nan, wancan ya nuna can, har tsohon ya gaji ya tsuguna. Babu ko inuwar da za a zauna.

Da suka koma zaure ƙullin yana nan inda aka bar shi. Magaji ya tura shi da yatsa wajen Nasidi, turawar da ba ta kai ko taki guda ba.

"Ɗauki abinka. Ba ni da abin da za ni ba ka."

Daga inda Nasidi yake durƙushe yana hango tsakar gidan. Rumbuna uku a buɗe, an kwaye hulunansu, kaji ma ba sa zuwa gindinsu. Gonakin tsohon ma suna cikin jar ƙasar nan, an ce kada kowa ya yi shuka bana, kuma gidan mutum goma sha ne. Ya ga yadda idon Magaji yake komawa kan ƙullin yana kaucewa.

"Bashi dai na nan, Baba," ya ce. "Shi ba su baje shi ba."

Ya mayar da ƙullin bakin buzu. Wannan karon tsohon bai tura ba. Ya ɗora hannu a kai, hawaye na bin gemunsa.

"Da ina da hali, Nasidi..."

"Na sani, Baba."

La'asar sakaliya ya iso Mafara. Tun daga zaure ya ji Nagode tana waƙa, abin da ya daɗe bai ji ba. Ta share ɗaki, ta yi wa Batulu kitso. Ta karɓi takalminsa ta kawo masa ruwa, ta tsaya a kansa fuskarta cike da murmushi.

"Ka ba shi?"

"Na ba shi."

"Ya amsa?"

"Ya amsa."

"Alhamdu lillahi!" Ta ɗaga hannu sama, sannan ta ja shi da ido zuwa gefen gado, inda wani buhu yake jingine, ɗaure da sabuwar igiya. "Dubi. Irin shinkahwa na, mai kyau. Wurin maƙwabciyarmu Hindu nir ranto, in munka yi girbi mu biya ta buhu biyu. Nic ce ruwa ya kusa, kar mu sake makara."

Nasidi ya dubi buhun, kofin ruwan yana hannunsa bai kai baki ba.

"Yaushe za mu koma?" ta tambaya.