Takardun da Ba Su Hau Gajimare Ba

Ranar da aka shigo da na'urar ɗaukar hoton takardu ofishin inshorar Laimar Adar da ke Konni, kowa ya yi murna ban da Malam Labo. Shi ne mai kula da ɗakin dosiye, wato fayil-fayil na masu inshora, tun kamfanin yana ɗan shago a bakin tasha, kuma ba sai boka ya gaya masa ba, in takardu suka bar ɗakin, mai tsaronsu ma zai bi bayansu. Ga gemu ya yi fari, ga iyali cike da gida, ga shi bai iya wata sana'a ba. Wa zai ɗauki tsoho aiki a garin da masu digiri ke kabu-kabu?

Darakta Habibullahi mutum ne mai fara'a, irin fara'ar da mahauci ke yi wa rago. Ya tara ma'aikata ya ce daga yanzu takardun kamfani duk za su koma gajimare. Nafisa, matashiyar da aka ɗauko daga Yamai ta gina tsarin, ita ta zaunar da Labo ta yi masa bayani: wani rumbu ne a intanet, gara ba ta cinsa, ruwa ba ya jiƙa shi, kuma manyan kamfani suna iya buɗe kowane dosiye daga kujerarsu a Yamai.

"To in sun hau can, mi za a yi da na ƙasa?" in ji Labo.

"Wannan kuma sai Darakta, Baba."

Darakta kuwa ba ya barin ko ƙanzo a tukunya. Ya yi ciniki da masu tsire da masu ƙosai na tasha, su riƙa sayen takardun suna ƙunshe kayansu. Sai aikin ya zama haka: Labo ya cire ƙusoshin takardu shi kaɗai a ɗakinsa, ya kai wa Nafisa, ta zura su a na'ura, su faɗo cikin buhu, mai gadi ya saɓa ya yi tasha da shi.

Wata la'asar Labo yana komawa gida ya ga wata takarda a ƙasa, ta sha mai, ga sawun takalmi a kanta. Ya sunkuya. Bisimillah ce a samanta da tawadar malamai, kuma ya gane ta. Mutanenmu na ƙauye, in mota ta yi haɗari nesa da jandarma, mai gari yakan sa liman ya rubuta shaida da ajami, ya buɗe da sunan Allah, ya rufe da salati, a buga hatimi. Kamfanin yana karɓar irinsu tun farkonsa. Washegari Labo ya roƙi Darakta a riƙa ware masu sunan Allah daga buhun.

Darakta ya yi dariya har da buga tebur. "Malam Labo, nan buro ne, ba makarantar allo ba."

Daga ranar Labo ya fara zare su da kansa. Kuma da yake daga bakin na'ura sai buhu, ba shi da damar zare su sai kafin ya kai wa Nafisa. Ya gaya wa zuciyarsa cewa takardun Faransanci su ne masu magana, na ajami albarka ce kawai. Ni dai ban ga laifin zuciyar tsohon nan ba, kansa ne ya cuce shi. Mutumin da ya tsufa cikin dosiye, a ce bai san abin da yake zarewa ba! Ya sani sarai, tsoron Darakta ne ya hana shi sake buɗe baki. Haka ya yi ta kai su gida yana jera su cikin akwatin ƙarfe, har da ɗan turare.

Aiki ya ƙare, Nafisa ta koma Yamai. Darakta ya fara kiran ma'aikata ɗaya bayan ɗaya yana sallamarsu, wanda ya shiga sai ya fito yana sharar ido. Labo yana zaune a ɗakin da ba komai sai katakai, yana jiran nasa kiran.

Ana cikin haka Wasila ta zo daga Badaguishiri. Mijinta Zaidu direban motar haya ne, ya faɗi da lodin albasa kusa da Tsarnawa, bayansa ya karye, tun daga nan yana kwance sai an juya shi. Likita ya ce sai an yi masa aiki, su kuma ba abin da suke jira sai inshora. Manyan Yamai sun buɗe dosiyensa a gajimare sun ce babu shaidar ranar haɗarin, saboda haka ba su da tabbacin inshorarsa ba ta ƙare ba kafin ya faɗi.

"Baba, hannunka nis sa ta," in ji Wasila. "Limamin wurin ya rubuta, yanzu kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Don Allah ka duba mani."

Da azahar Labo ya ruga gida ya ɗauko takardar. Ya shiga wurin Darakta ya durƙusa, ya faɗi komai. Ya yi zaton za a yi masa tsawa. Darakta ya karɓi takardar, ya juya ta, ya miƙo masa abinsa.

"Akwai wasu irinta?"

"Akwati guda, ranka shi daɗe."

Fuskar Darakta ta washe kamar an yi masa albishir da ɗa namiji. Kowace takarda a akwatin nan wani mai neman diyya ne da kamfani ya huta da shi.

"Malam Labo, ka san sunan wanda ya kwashi dosiyen kamfani ya kai gida? Ɓarawo. In wagga takarda ta hito, jandarma za su tambayi inda ta kwana, kai kuma ka kwana wurinsu. In ba ta hito ba, ba wanda ya san ta taɓa zuwa duniya." Ya gyara zama. "Ɗakinka babura za mu riƙa ajewa ciki. Amma ina son mutum bakin ƙohwa mai ba mutane amsa. Mutanen ƙauye ba su yarda da ni, ba su yarda da na'ura. Kai sunka yarda da kai. Albashinka na nan yadda yake."

Abin da Labo ya yi ta roƙon Allah ke nan tun shigowar na'urar, ga shi an ba shi. Ya tuna bakunan da ke jiransa a gida. Ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji, ya yi godiya, wallahi har godiya ya yi.

Wasila na ganinsa ta miƙe daga benci. "Baba, an gano ta?"

"Ɗiyata, an duba cikin na'ura. Babu."

"Amma hannunka nis sa ta."

"Tsuhwa ya kama ni. Ban tuna ba."

Ta gyara lulluɓinta.

"Tunda kai kac ce, Baba, shi ke nan. Da wani ne da na ce ƙarya shikai. Ka yahe mani wahalar da na ba ka."

Ta tambaye shi ko za ta samu motar Badaguishiri yanzu, ya ce za ta samu in ta yi sauri.

Washegari aka kafa masa tebur a bakin ƙofa, da sabuwar kujera mai laushi. Kafin ya zauna benci ya cika da mutanen Dogarawa da Illela, kowa na gaishe shi da murna don sun tarar da nasu a wurin. Yawancinsu Labo ya san rubutun limaminsu.